Matsalar Mabuɗin Tarayya a Hanyoyin Sadarwa na Iska Marasa Cibiya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa masana ilmin sadarwa tuwo a ƙwarya, watau yadda mutane masu yawa za su yi magana da juna ta iska, inda kowa yana iya kama abin da suka aika, amma ya zamana ba mai gane shi sai wanda yake cikinsu. Matsalar tana ƙara tsanani idan mutanen nan ba su da wata cibiya da za ta tsaya a tsakaninsu ta raba musu abin da za su kulle saƙonninsu da shi. Abin da nake so in nuna shi ne, kulle saƙo shi kansa ya daɗe da daina zama abin damuwa. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen mabuɗi: wa zai ƙirƙiro shi, ta wace hanya zai isa hannun kowa, kuma yaya za a yi da shi ran da wani ya fita daga cikin jama'ar ko aka kama na'urarsa.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi. Idan na ce "kulle saƙo", ina nufin jujjuya shi ta hanyar lissafi har ya koma tarkacen lambobi marasa ma'ana. "Mabuɗi" kuwa wata doguwar lamba ce ta asiri wadda da ita ake kullewa, da ita kuma ake buɗewa. Kowace na'ura da take aikawa tana karɓa, ko wayar hannu ce ko rediyon soja ko ɗan abin auna zafi, zan kira ta "tasha". Tashoshin da suke tarayya a kan mabuɗi guda su ne "ƙungiya".

2.0 Sadarwa Marar Cibiya

Wayar hannun da muka saba da ita ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, ko da a ɗaki ɗaya suke. Sai ta kai maganar ga ƙarfen sabis, shi kuma ya miƙa ta ga cibiyar kamfani, daga can a juyo da ita. Cibiyar nan ita ce ta san kowane layi, ita ce kuma take riƙe da asirin da ke cikin kowane katin waya. Idan aka kashe ta, magana ta ƙare, kamar yadda mutanen Jihar Zamfara suka gani a watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe hanyoyin waya a jihar.

Akwai wani tsari dabam wanda babu ƙarfen sabis a cikinsa. Kowace tasha tana magana da maƙwabtanta da muryarta take iya kaiwa gare su, su kuma su miƙa gaba, hannu da hannu, har saƙo ya isa inda aka nufa. Hukumar binciken kimiyya ta Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fara gwada irin wannan a 1973, domin soja a fagen fama ba shi da tabbacin samun turakun waya. A yau tsarin ya bazu. Da shi ƙananan na'urorin Zigbee suke aiki a gidaje da masana'antu, da shi aka gina Bluetooth Mesh wanda aka fitar a 2017, da irinsa kuma masu zanga-zanga a Hong Kong suka riƙa aika wa juna saƙo daga waya zuwa waya a 2014 da 2019.

Duk wata fa'ida ta wannan tsari tana tafe da nata haɗari. Iska ba ta da shinge, saboda haka mai rediyon da ya dace yana jin kome. Saƙo kuma yana bi ta hannun tashoshin da mai aikawa bai san su ba. Daɗin daɗawa, tashoshin suna yawo: motoci biyar suna iya shiga bayan dutse su ɓace wa sauran na sa'a guda, sannan su sake ɓullowa, watau ƙungiya ta rabu biyu ta kuma haɗe ba tare da kowa ya yi niyya ba. Yawancinsu kuma da batir suke aiki, kuma aika saƙo ta rediyo yana shan batir ƙwarai. Saboda haka duk dabarar da za a kawo dole a auna ta da yawan saƙonnin da take bukata.

3.0 Mabuɗi Guda ga Kowa

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san zaurance, inda yara suke cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma ko su juya su domin kada manya su gane. Asirin zaurance yana cikin dabarar ne, don haka ran da babba ya gano ta, shi ke nan an gama, sai dai a ƙirƙiro wani sabo. Tun a 1883 wani masani mai suna Auguste Kerckhoffs ya shimfiɗa ƙa'idar da ta saɓa wa wannan, ya ce a gina tsari yadda ko abokin gaba ya san dabarar duka, ba zai iya kome ba muddin bai riƙe mabuɗi ba. A kan wannan ƙa'ida ake tafiya har yau. Hanyar kullewa da aka fi amfani da ita, wadda ake kira AES, Amurka ta amince da ita a 2001, an buga bayaninta kowa yana iya karantawa, kuma ƙaramin mabuɗinta yana da tsawon bit 128. Ba a san wanda ya taɓa fasa ta ta hanyar gwada mabuɗai ɗaya bayan ɗaya ba. Nauyin duka ya koma kan mabuɗi ke nan.

To, ƙungiya tana da zaɓi biyu masu sauƙi, kuma kowannensu yana da aibi. Na farko, kowace tasha ta riƙe mabuɗi na musamman tsakaninta da kowace tasha. Idan tashoshi 100 ne, ana bukatar mabuɗai 4,950, kuma mai son ya yi wa kowa magana sai ya kulle saƙonsa sau 99 ya aika sau 99. Batir ba zai ɗauka ba. Na biyu, a ba kowa mabuɗi guda, a kulle sau ɗaya, a watsa sau ɗaya. Wannan shi ne mabuɗin tarayya, kuma shi ne mafi arha, amma tarihi ya nuna kuɗin da ake biya daga baya.

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ruwan Jamus suna ɗauke da na'urar Enigma tare da takardun da suka jera yadda za a saita ta kowace rana. Duk jiragen da suke hanyar sadarwa ɗaya saiti ɗaya suke bi. Jamusawa sun san haɗarin, shi ya sa suka riƙa buga takardun da tawadar da ruwa yake narkarwa. Duk da haka a watan Mayu na 1941 sojojin ruwan Ingila suka kama jirgin ƙarƙashin teku U-110 kafin ya nutse, suka kwashe na'urar da takardunta, abin da ya taimaka wa masu fasa asiri na Bletchley Park. Jirgi ɗaya aka kama, amma asirin sauran ya taɓu. Misali na biyu ya fi wannan muni, domin ba kamawa aka yi ba. John Walker, ma'aikacin sadarwa a rundunar ruwan Amurka, ya fara sayar wa Tarayyar Sobiyet jerin mabuɗai a 1967, ba a kama shi ba sai a 1985. A zamanin kwamfuta ma an maimaita kuskuren: tsarin WEP da aka fara tsare Wi-Fi da shi a 1997 ya ba kowa mabuɗi guda ba tare da ya tanadi hanyar sauya shi ba, ga kuma rauni a yadda yake sarrafa mabuɗin, wanda Fluhrer da Mantin da Shamir suka tona a 2001.

Daga nan masana suka fitar da sharuɗɗa biyu da ake so mabuɗin ƙungiya ya cika. Wanda ya shigo yau kada ya iya buɗe abin da aka faɗa jiya, ko da ya naɗe shi ya ajiye. Wanda kuma ya fita yau kada ya iya buɗe abin da za a faɗa gobe. Ma'anar wannan ita ce dole a sauya mabuɗi duk lokacin da wani ya shiga ko ya fita. Shiga ba ta da wuya sosai. Fita ce matsala, domin ba za a kulle sabon mabuɗi da tsohon a watsa ba, tun da wanda ake gudu yana riƙe da tsohon.

4.0 Haɗa Mabuɗi a Bainar Jama'a

A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka buga wata dabara da ta ba mutane biyu damar su daidaita a kan lambar asiri alhali duk maganarsu a fili suke yin ta. Daga baya, a 1997, gwamnatin Ingila ta bayyana cewa wani ma'aikacin hukumar leƙen asirinta, Malcolm Williamson, ya riga ya gano irinta a 1974 amma aka ɓoye. Zan tsaya a nan kaɗan in kawo ta da ƙananan lambobi, domin duk abin da zai biyo baya a kanta aka ɗora shi, kuma ɗalibin da ya iya ninkawa da rabawa zai iya bin ta da fensir.

Ana aiki ne da ragowa. Duk lambar da aka samu sai a raba ta da 23 a riƙe abin da ya rage kaɗai. Idan na ce "5 hawa uku" ina nufin 5 sau 5 sau 5. Tasha A da tasha B sun yarda a fili za su yi amfani da 23 da 5. A ta zaɓi 3 a ranta, ta lissafa 5 hawa uku, watau 125, ragowarsa 10, ta aika 10. B ta zaɓi 7 a ranta, ta lissafa 5 hawa bakwai, watau 78,125, ragowarsa 17, ta aika 17. Yanzu A ta ɗauki 17 ta hau da shi hawa uku, ragowa 14. B ta ɗauki 10 ta hau da shi hawa bakwai, ragowa 14. Sun haɗu a lamba ɗaya, domin kowace a haƙiƙa 5 hawa 21 ta lissafa, ɗaya ta bi ta uku sau bakwai, ɗaya ta bakwai sau uku. Mai saurare ya ji 23 da 5 da 10 da 17, amma kafin ya kai ga 14 sai ya gano hawa nawa aka yi wa 5 ya ba da 10. Da 23 wannan wasan yara ne. Amma a wurin aiki ana sa lamba mai tsawon bit 2,048, watau mai alƙaluma 617, kuma ba a san wata hanya da kwamfutocin yau za su warware wannan cikin lokaci mai amfani ba.

Yaya za a faɗaɗa wannan zuwa ƙungiya? A 1982 Ingemarsson da Tang da Wong suka ba da shawarar a jera tashoshi kamar zobe, kowace tana miƙa wa ta gabanta. Mu ƙara tasha C wadda ta zaɓi 5 a ranta. A zagaye na farko A ta miƙa wa B 10, B ta miƙa wa C 17, C ta miƙa wa A 20. A zagaye na biyu kowace ta hau da abin da ta karɓa da lambarta ta asiri ta miƙa gaba: A ta aika 19, B ta aika 14, C ta aika 21. Daga nan kowace ta sake hawa da abin da ya iso mata, amma wannan karon ba ta aika ba. A ta hau da 21 hawa uku, B ta hau da 19 hawa bakwai, C ta hau da 14 hawa biyar, kuma dukansu 15 suka samu. Wannan 15 shi ne mabuɗin ƙungiya. Ba wanda ya zaɓe shi, bai taɓa bi ta iska ba, kuma kowa ya sa hannu a cikinsa.

Kyawun dabarar a fili yake ga jama'ar da ba su da shugaba. Amma tashoshi 50 suna bukatar zagaye 49, kuma idan ɗaya ta shiga bayan dutse ana tsakiyar yi, zobe ya tsinke, sai a koma farko. A 1994 Burmester da Desmedt suka rage abin zuwa zagaye biyu kacal kome yawan jama'a, sai dai a kowane zagaye dole kowace tasha ta watsa saƙo kuma kowa ya ji shi. A ɗakin taro wannan mai yiwuwa ne. A fili mai faɗi inda saƙo yake tsallake tasha goma kafin ya isa, sharaɗi ne mai tsada, kuma a tsarin nan na asali duk wanda ya shiga ko ya fita sai an sake hidimar gaba ɗaya.

5.0 Bishiyar Mabuɗai

Mafita mafi armashi a ganina ita ce wadda ta ɓullo a ƙarshen shekarun 1990, daga Wong da Gouda da Lam a 1998, da kuma Wallner da Harder da Agee a 1999. Mu ɗauki babban gida mai sassa. Kowa yana da mabuɗin ɗakinsa, da na sashensu, da na ƙofar gida. Idan ɗan haya ya tashi, ba sai an taɓa kwaɗon kowane ɗaki ba. Ana sauya waɗanda yake da mabuɗinsu kurum.

A ce tashoshi takwas ne. An haɗa su bibbiyu, kowane biyu da mabuɗinsu; an haɗa su hurhuɗu, kowane huɗu da nasu; sannan ga mabuɗin ƙungiya a can ƙoli. Tasha ta takwas ta san nata, da na ita da ta bakwai, da na rukunin biyar zuwa takwas, da na ƙoli. Idan ta fita, mabuɗai uku za a sauya. Sabon mabuɗin ƙasa a kulle shi da na tasha ta bakwai. Sabon na tsakiya a kulle shi sau biyu, sau ɗaya da na biyar da shida, sau ɗaya da sabon na ƙasa. Sabon na ƙoli shi ma sau biyu, da na rukunin ɗaya zuwa huɗu wanda ba a taɓa ba, da kuma sabon na tsakiya. Kullewa biyar ke nan maimakon bakwai, kuma ba ko ɗaya da wadda ta fita za ta iya buɗewa. Ribar ba ta da yawa a nan, amma idan tashoshi 1,024 ne, bishiyar hawa goma ce, kullewa 19 za a yi maimakon 1,023.

Sai dai wannan tsari ya ɗauka akwai mai gida wanda ya san dukan mabuɗai, alhali mu mun ce babu. A 2000 Kim da Perrig da Tsudik suka aurar da bishiyar da dabarar Diffie da Hellman: mabuɗin kowane reshe sai ya zama sakamakon lissafin nan tsakanin rassa biyu da suke ƙarƙashinsa, tun daga ƙasa har ƙoli. Idan wani ya fita, tasha ɗaya da tsarin ya riga ya ayyana, wadda take kusa da gurbinsa a bishiyar, ita za ta zaɓi sabuwar lambar asiri, ta lissafa hanyar har sama, ta watsa ɓangaren da ba asiri ba, kowa ya ƙarasa nasa lissafi. Idan ƙungiyoyi biyu suka haɗu kuwa, sai a dasa bishiyar ɗaya a jikin ɗayar.

Ƙidayar saƙonni ba fitinar masu lissafi ce kawai ba. Ƙa'idar rediyon da Zigbee take hawa a kanta ba ta ɗaukar fiye da bayit 127 a ƙunshi guda. Da sabon salon lissafin Diffie da Hellman da ake yi a kan lanƙwasassun layuka, wanda Koblitz da Miller suka kawo a 1985, abin da tasha take aikawa bayit 32 ne, yana shiga ƙunshi ɗaya har da rara. To amma tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantam, in an samu ƙera ta, za ta rushe wannan lissafi. Madadin da hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta fitar a watan Agusta na 2024, mai suna ML-KEM, matsakaicin mabuɗinsa na fili bayit 1,184 ne, watau ƙunshi goma ko fiye a inda ɗaya yake isa a da.

6.0 Idan Ƙungiya Ta Rabu Biyu

Akwai wata wahala da ba ta fitowa a kan allo sai a fili. A ce ƙungiya ta rabu saboda nisa. Ɓangaren gabas ya kori tasha ɗaya ya sauya mabuɗi, ɓangaren yamma kuma a lokacin nan ya karɓi baƙuwa ya sauya nasa. Da suka sake haɗuwa, bishiya biyu ce, kowace tana da'awar ita ce ta gaskiya, kuma korarriyar gabas har yanzu 'yar gida ce a littafin yamma.

Ƙa'idar MLS, wadda hukumar tsara ƙa'idojin intanet ta buga a watan Yuli na 2023 domin tsare hirar ƙungiyoyi masu yawa, da bishiya take aiki, amma ta jingina da wani mai isar da saƙo wanda zai yanke cewa wannan sauyi ne ya riga wancan, kowa ya bi jeri ɗaya. Cibiya ke nan ta dawo ta ƙofar baya, ko da ba ta riƙe da mabuɗi. A 2021 Matthew Weidner da Martin Kleppmann da abokan aikinsu suka fito da tsarin da yake jure sauye-sauyen da suka faru lokaci guda ba tare da alƙali ba, amma sai da suka bar bishiyar, aikin sauya mabuɗi ya koma yana ƙaruwa daidai da yawan jama'a. Ni dai abin da na fahimta a nan shi ne arhar bishiya da 'yancin rashin cibiya suna ja-in-ja, kuma mai ƙera tsari sai ya duba girman ƙungiyarsa ya zaɓa. Ga ma'aikatan agaji talatin, tsada ba ta da yawa. Ga na'urori dubu goma, magana ta sauya.

Su waɗannan ƙananan na'urori masu ɗimbin yawa an nema musu wata hanya dabam. Eschenauer da Gligor sun ba da shawara a 2002 cewa kafin a watsa su a fili, a tara babban rumbun mabuɗai, kowace ta ɗebi kaɗan da ka. Idan rumbun yana da 10,000, kowace ta ɗauki 100, lissafi ya nuna maƙwabta biyu za su tarar suna da aƙalla mabuɗi ɗaya iri ɗaya kimanin sau 64 cikin ɗari, sauran kuma su bi ta hannun ta uku. In aka tsinci na'ura ɗaya aka fasa, kashi ɗaya cikin ɗari na rumbun ya fita. In aka tsinci da yawa, asarar tana taruwa.

7.0 Wane Ne Ɗan Ƙungiya?

Duk lissafin da ya gabata yana da ƙofa guda da bai rufe ba. Lokacin da A ta karɓi 17, ba abin da ya shaida mata daga B ya fito. Wani yana iya tsayawa a tsakiya, ya yi wa A kamar shi ne B, ya yi wa B kamar shi ne A, ya haɗa mabuɗi da kowace, yana buɗewa yana karantawa yana sake kullewa. A tsarin da saƙo dama ta hannun baƙi yake bi, wannan matsayi a ɓagas ake samunsa. A intanet ana maganin haka da takardar shaida wadda wata amintacciyar hukuma take sa wa hannu, amma hukuma cibiya ce.

Zhou da Haas na Jami'ar Cornell sun ba da shawara a 1999 a rarraba ikon hukumar a tsakanin tashoshi, suka dogara da dabarar raba asiri da Adi Shamir ya buga a 1979. Tushenta abu ne da ake koyarwa a sakandare: ɗigo biyu suna tabbatar da miƙaƙƙen layi, ɗigo ɗaya ba ya tabbatar da kome. A ce asirin 7 ne. Sai a ƙirƙiro ƙa'idar "bakwai a tara da uku sau lambarka". Ta farko ta riƙe 10, ta biyu 13, ta uku 16. Duk biyun da suka haɗu za su ga tazarar su koma baya su sami 7, amma mai riƙe da 13 ita kaɗai ba ta da hanyar sani. Da lanƙwasasshen layi ana iya cewa sai uku cikin biyar, ko biyar cikin tara. Ta haka abokin gaba sai ya kama tashoshi da dama kafin ya iya ƙirƙiro shaidar ƙarya, kuma ɓacewar ɗaya ko biyu ba ta tsayar da aiki.

Amma wa ya raba kason tun farko, kuma da me ya gane waɗanda ya ba? John Douceur ya nuna a 2002 cewa inda babu mai tantancewa, na'ura ɗaya tana iya fitowa da sunaye ɗari ta cika kowane ƙidaya ita kaɗai. Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce mafi ƙanƙan da kai. Stajano da Anderson na Jami'ar Kambirij sun kawo ta a 1999, suka kwatanta na'ura da ɗan agwagwa wanda yake ɗaukar abin da ya fara gani bayan ƙyanƙyasa a matsayin uwa: mabuɗin farko a ba na'ura shi ta hanyar taɓa ta, ko ta wata hanya da ido yake gani, kafin a sake ta cikin iska. Inda aka yi sakaci da wannan mataki an ga sakamako. Na'urorin Zigbee da yawa sun daɗe suna karɓar mabuɗin ƙungiya a kulle da wani mabuɗi guda da duk masu ƙerawa suka sani, har ya bazu a intanet, shi ya sa aka shigo da lambar shigarwa ta musamman ga kowace na'ura. Manhajar Bridgefy kuwa, wadda masu zanga-zangar Hong Kong suka dogara da ita a 2019, masu bincike na kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun nuna a 2020 cewa ana iya yin sojan gona da sunan wani a cikinta, a karanta saƙonni, a kuma gano wa yake magana da wa. Mutanen da suke amfani da ita 'yancinsu ne a kan siraɗi.

Haka abin yake a wajen fita. Bluetooth Mesh ya tanadi hanyar sabunta mabuɗi domin kada wani ya tsinci tsohon ƙwan lantarki a bola ya ciro mabuɗin gida daga cikinsa. Na'urar mai kula tana aika wa kowace tasha sabon mabuɗi a kulle da nata na kanta, ban da wadda aka cire. Daga nan a shiga wani zango da ake aikawa da sabo amma ana karɓar tsoho da sabo, domin tashoshin da suke barci ko suka yi nisa su riski sauran, sannan a soke tsohon. Tsarin yana aiki, amma ba ya tashi da kansa, sai mutum ya lura cewa ƙwan nan ya bar gida ya sa shi cikin jerin korarru. Kafin ya lura, da kuma tsawon zangon da ake jiran masu barci, tsohon mabuɗi yana nan yana buɗe ƙofa.